Rijiya Ɗaya Ce, Igiyar Ce Ba Ɗaya Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗibar ruwa rijiyar unguwa da bazara ya san rijiya ba ta hana kowa ruwa, amma ba kowa ke komawa gida da tulu cike ba. Ruwan yana can ƙasa yana ƙyalli. Mai doguwar igiya ya zura guga ya jawo, mai gajeriya kuwa sai ya tsaya a baki yana leƙe, gugansa na lilo a tsakiya. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce kada ya sha, igiyarsa ce kawai ba ta kai ba. To haka makaranta take ga yaron da Allah ya jarrabe shi da nakasa. Ƙofa a buɗe, malama a tsaye, allo a bango, amma shi kunnensa ba ya ji, ko idonsa ba ya gani sosai, ko ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, ko bakinsa ya yi nauyi. Abin da yake bukata ƙarin igiya ne, igiya kuwa da kuɗi ake sayenta.

Zancen kuɗin igiyar nan nake so mu yi, yadda gwamnatin Amurka take fitar da shi domin ƙananan yara 'yan shekara uku zuwa biyar, wato 'yan rabin aji, waɗanda ko aji ɗaya na firamare ba su shiga ba. Na ɗauko Amurka ne saboda sun daɗe a kan wannan gwaji, sun yi abin a yaba, sun kuma bar giɓin da ya kamata a gani.

Kada mai karatu ya ɗauka can haka suka tashi suka tarar da abin a gyare. A wajen 1970, cikin yara biyar masu nakasa ɗaya ne kacal yake samun karatu a makarantun ƙasar. Sauran suna gida, ko an kai su gidajen ajiya an rufe, kamar yadda a wasu gidajenmu ake tura irin wannan yaro ƙuryar ɗaki idan baƙi sun yi sallama. Iyaye ne suka gaji suka kai ƙara. A 1972 aka yanke hukunci a wata shari'a a birnin Washinton, inda aka shigar da ƙara a madadin yara bakwai da aka hana karatu. Hukumar ilimi ta ce ita fa ba ta da kuɗin ɗawainiyarsu. Alƙalin, Joseph Waddy, ya ƙi karɓar wannan uzuri. Abin da hukuncinsa ya ƙunsa, kowace uwar gida ta san shi tun kafin a haifi alƙalin: idan tuwo ya yi kaɗan, kowa ake rage wa loma, ba a cewa ɗa guda ya tashi daga bakin akushi don saura su ƙoshi.

Daga nan ne a 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro mai nakasa, kyauta, da irin karatun da ya dace da shi. Majalisa da kanta ta ce a lokacin yara fiye da miliyan ɗaya ne aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya. Sai dai dokar ta fi ƙarfi a kan waɗanda suka isa shiga firamare. Bayan shekara goma sai suka lura da abin da manomi ya daɗe da sani, cewa takin da aka zuba bayan gero ya fitar da kai, asarar taki ce mafi yawa. A 1986, zamanin Ronald Reagan, aka yi wa dokar ƙari, aka ce jihohi su sauko har kan 'yan shekara uku, aka ba su zuwa wajen 1991 su shirya, aka kuma buɗe wata ƙofa ta jarirai tun daga ranar haihuwa. A 1990 aka sauya wa dokar suna zuwa wanda aka san ta da shi yanzu, IDEA.

Me ya sa ake wannan sauri? Je ka wajen mai ginin tukwane ka tsaya. Yumɓu yana ɗanye, da ɗan yatsa take gyara bakin tukunya, ta shafa nan, ta danna can, ta fito sumul. Ya kwana biyu a rana, sai da dabara. An gasa shi kuwa, sai dai a yi haƙuri da yadda ya fito. Ƙwaƙwalwar yaro a shekarun farko ɗanyen yumɓu ce, musamman wajen harshe. Shi ya sa a Amurka ake gwada kunnen kusan kowane jariri kafin a sallami uwar daga asibiti, kuma suna da wani lissafi mai sauƙin riƙewa: a gwada kunne kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Yaron da aka sa wa na'urar ƙara ji, ko aka fara masa maganar hannu yana goye, yakan iso rabin aji da kalmomi cike da bakinsa ko hannunsa. Wanda aka gano yana da shekara biyar kuwa ya iso gona ne bayan damina ta yi nisa. Zai yi noma, zai samu, amma da wahala ninki biyu.

Na san haka ne daga wani yaro ɗan maƙwabtanmu. Zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi yana ɗan wata goma, ya tashi lafiya lau a ido. Ya yi tafiya a kan lokaci, yana wasa, yana dariya, magana ce shiru. Kakarsa ta ce nauyin baki ne na gado, babansa ma sai da ya shekara uku. Wasu suka ce miskili ne. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka ba shi ruwan tsarin kanari. Sai da ya shekara huɗu da rabi, ranar da faranti ya faɗi a bayansa kowa ya zabura shi bai ko waiga ba, sannan uwarsa ta dafe ƙirji. Ba sakaci ta yi ba, uwa ce mai kula. Babu dai wanda aikinsa ne ya zo ya duba.

A dokar Amurka akwai wanda aikinsa ne ya zo ya duba, kuma wannan ne sashen da ya fi burge ni. An ɗora wa kowace jiha nauyin nemo yaran, ba ta zauna a ofis tana jiran iyaye su kawo kansu ba. Mu da muka ga masu allurar shan-inna suna bin gida-gida da akwatin ƙanƙara, suna shafa alli a bango, suna sa wa yaro tawada a ɗan yatsa, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Bambancin kawai, su waɗannan ba ɗigo biyu suke ɗauke da shi ba, tambaya suke ɗauke da ita. Yaron nan yana waigowa idan an kira shi? Yana haɗa kalma biyu? Yana riƙe cokali? Yana kallon idon mai yi masa magana? Likitan yara, mai gidan reno, ko uwar da kanta, kowa na iya cewa a duba wane. Da zarar iyaye sun amince, a ƙa'idar tarayya cikin kwana sittin za a gama auna yaron, ko sisi ba za su biya ba. Kuma a wannan shekarun ba dole sai an liƙa masa sunan wata cuta ba. Ya isa a ce girmansa ya yi jinkiri a magana ko tafiya ko fahimta. Wannan hikima ce babba, domin suna idan ya manne wa yaro ya fi ƙaya wuyar cirewa.

Bayan awo sai ɗinki. Kayan gwanjo da kayan tela ai ba ɗaya ba ne. Na gwanjo ka ɗaga ka kara a ƙirji, in ya yi kusa ka biya ka tafi, hannu ya yi tsawo ka naɗe. Tela kuwa sai ya sa tef ya auna kafaɗa, ya auna wuya, ya rubuta a littafi da sunanka. Karatun yawancin yara gwanjo ne, kuma yana yi musu. Yaro mai bukata ta musamman dole a kai shi tela. Ana zama a tebur ɗaya, ga malamar aji, ga malamin da ya ƙware a koyar da irin waɗannan yara, ga wakilin hukumar ilimi, ga uwa da uba, a rubuta takarda ta yaron nan shi kaɗai: ga inda yake yanzu, ga inda ake so ya kai nan da shekara, ga mai koya masa furta magana sau kaza a mako, ga mai gashi da zai motsa masa gaɓɓai, ga motar da za ta ɗauko shi. Iyayen ba 'yan kallo ba ne, su ne masu yadin. In ɗinkin bai yi musu ba suna da ikon ƙin yarda, har su kai ƙara. Kuma da yake yaro girma yake yi, duk shekara sai an koma wajen tela an sake awo.

Na jarirai kuma gida ake bin su. Ma'aikaciyar takan zo ta zauna a tabarma, kamar yadda ungozoma ko gwaggo takan zo zaman jego ta nuna wa mai haihuwar fari yadda ake riƙe kai wajen wanka. Ba ta karɓe yaron ta shiga da shi wani ɗaki ba, uwar take koya wa: yi masa magana kina ba shi abinci, kwantar da shi ta nan don wuyansa ya yi ƙarfi. Ita sa'a ɗaya za ta yi ta tafi, uwar ce ke nan dare da rana. Saura wata uku ko fiye yaro ya cika shekara uku sai a yi zaman miƙa hannu, domin ranar da ya cika ukun takardarsa ta rabin aji ta zama a shirye, kada ya faɗa rami tsakanin ƙofa biyu.

Sai batun inda zai zauna, wanda a nan ne gardama ta fi zafi. Dokar ta ce iyakar iyawa a bar shi cikin sauran yara, kada a ware shi sai in babu makawa. Wannan ma zancen akushi ne. Yaron da ake zuba wa nasa a kwano daban a kai masa bayan ɗaki zai ƙoshi, amma ba zai koyi wanke hannu da bismilla da cin gabansa ba, ba kuma zai ji hirar da ake yi a kan abinci ba. Yaro ya fi koyon magana a bakin yaro ɗan'uwansa fiye da bakin malami. Su ma sauran suna ƙaruwa, domin wanda ya tashi yana tura keken abokinsa zuwa filin wasa, da wuya ya girma yana jifan gurgu. Amma fa a faɗi gaskiya, zaunar da shi a bakin akushi ba tare da cokalin da zai iya riƙewa ba, wani nau'in wariya ne shi ma. Kuɗin gwamnati cokalin yake saye: mataimakiyar malama, gangaren siminti a bakin ƙofa maimakon matakala, kujera mai madafa, littafi mai manyan baƙaƙe, allon hotuna da yaron da ba ya magana zai nuna ya ce ruwa yake so. Har yanzu kuma a Amurkar akwai 'yan rabin aji masu ɗimbin yawa da ake koyarwa a azuzuwa na daban, wani lokaci ba don bukatarsu ba, sai don gundumar ba ta da rabin aji na kowa da kowa da za a saka su.

To yanzu mu buɗe lalitar. Kuɗin da gwamnatin tarayya take bayarwa ya fi kama da kafin alƙalami. Ka je kasuwa ka ga sa, ka ba mai shi wani abu ya riƙe, kuɗin ba su kai rabin farashi ba, amma da ya karɓa ciniki ya ɗauru. Jiha ba dole ta karɓi kuɗin Washinton ba, amma in ta miƙa hannu, to ta ɗauki alkawarin kula da kowane yaro mai nakasa a cikin iyakarta, kuma duk jihohin suna karɓa. Akwai sharaɗi na biyu mai kyau: kuɗin ƙari ne, ba madadi ba. In baƙo ya kawo tsokar nama gudummawa, ba a yarda uwar gida ta tsame nata daga tukunya ta ɓoye ba. Jiha ba ta da ikon rage abin da ta saba kashewa don tarayya ta kawo nata.

Inda gizo ke saƙar shi ne nauyin gudummawar. A 1975 majalisa ta sa wa kanta ma'auni, cewa tarayya za ta riƙa kawo har kashi 40 cikin ɗari na matsakaicin abin da ake kashe wa ɗalibi, domin rage ƙarin nauyin karatun yara masu nakasa. Ka ɗauka 'yan'uwa ne suka tashi rufa wa mahaifiyarsu ɗaki, babban wa ya ce cikin bandir goma na kwano shi zai kawo huɗu. Aka yi gini, aka ɗora katako, sai ga shi da bandir ɗaya da rabi. Shekara ta zagayo, haka. Kusan shekara hamsin ke nan bai taɓa cika huɗun nan ba, a yawancin shekarun ko rabinsu da ƙyar yake kusanta, a 'yan shekarun nan ma abin bai kai kashi 15 ba. Damina kuwa ba ta jira, dole ƙannen su ciko, wato jihohi da gundumomi. Da yake makarantun Amurka sun dogara sosai da harajin gidajen unguwa, gundumar masu hali takan rufe ɗakinta tsaf, ta talakawa kuwa sai tara kwano a inda yake yoyo.

Ƙaramar tukunyar da aka ware musamman don 'yan shekara uku zuwa biyar, wadda take ƙari a kan babbar ta dala biliyan goma sha huɗu da ɗoriya, ba ta wuce dala miliyan ɗari huɗu da 'yan kai a shekara ba. A kunnenmu kuɗi ne masu tsoratarwa. Amma raba su ga yara fiye da dubu ɗari bakwai, sai ka ga kowane yaro dala ɗari biyar da wani abu ya tashi da su, na shekara guda cur, a ƙasar da sa'a ɗaya ta ƙwararren mai koyar da magana kan iya cin dala ɗari. A farkon shekarun 1990 rabon kowane yaro ya kai wajen dala ɗari takwas, lokacin da dalar ma ta fi yanzu auki. Abin da ya faru shi ne abin da ke faruwa a gidan biki: baƙi suna ta ƙaruwa, kuɗin cefane na nan yadda yake, sai a yi ta ƙara wa miya ruwa. Sunanta miya har yanzu, kowa an zuba masa, amma sai ka laluba ka laluba kafin ka ci karo da wake.

Wanda ruwan miyar yake ƙarewa a kansa ita ce malamar aji. Jaki yana da haƙuri, amma mangala in ta yi nauyi gefe guda ko shi sai ya durƙusa. Malama ɗaya, yara ashirin, biyu a ciki suna bukatar hannu na musamman, mataimakiya kuwa ta bar aiki saboda albashin bai kai na mai jiran kanti ba. A ƙauyukansu masu nisa, mai koyar da magana guda yakan yi ta zagaya makarantu da mota, yaro ya gan shi minti talatin a mako. Iyaye masu ilimi da kuɗi sukan ɗauki lauya su ƙwato wa ɗansu haƙƙinsa kaf, waɗanda ba su jin Turanci sosai ko suke aiki biyu kuwa sukan sa hannu a duk abin da aka miƙo musu. Wannan yana ci mini rai, domin yaron da ya fi kowa bukatar doguwar igiya sau da yawa shi ne ɗan gidan da ba su san ana rabon igiya ba.

Masu lissafi sun daɗe suna cewa wannan rowa asara ce. A 1962 aka fara wani gwaji a garin Ypsilanti na jihar Mishigan, da yara 123 'ya'yan talakawa baƙar fata waɗanda aka ga alamar za su sha wuya a makaranta. Aka sa kusan rabinsu a rabin aji mai inganci, aka yi ta bin sawunsu har suka haura shekara arba'in. Waɗanda suka shiga sun fi gama sakandare, sun fi samun abin hannu, sun fi kauce wa gidan yari. James Heckman, masanin tattalin arziki mai lambar Nobel, ya ƙiyasta ribar da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari duk shekara. Kiwo ne mai kyau, kamar ka sayi tunkiya tana 'yar ƙarama ka bar ta tana haihuwa. Na yarda da lissafin, yana kuma da amfani wajen shawo kan masu riƙe da baitulmali. Sai dai ba na so a tsaya a kansa, domin akwai yaron da ba zai taɓa mayar da ko kobo ba, wanda iyakar nasararsa ita ce ya iya ɗaga kofi ya kai baki da kansa. Shi ma ɗan gida ne, ba don riba ake zuba masa tuwo ba.

Akwai wasu ƙananan dabaru da suka cancanci a ambata. Shirin Head Start na 'ya'yan marasa ƙarfi, wanda aka fara a 1965, tun 1972 aka ce cikin kowace kujera goma a ajiye aƙalla ɗaya domin yaro mai nakasa, kamar yadda direban kirki yake ajiye gidan gaba domin tsoho. A Ingila kuma tun 2017 ake ba makarantar reno kuɗi a dunƙule sau ɗaya a shekara a kan kowane irin wannan yaro, aka fara da fam 615, yanzu ya haura fam ɗari tara, domin ta sayi abin da zai sauƙaƙa masa zama.

Mu ma a Nijeriya ba a ce babu tukunya ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin farko, a ciki kuma hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, tana cire kashi 2 domin yara masu bukata ta musamman. Wato an ɗebi mudu daga buhu, sannan aka ɗebi tafin hannu daga mudun, a raba wa jihohi 36 da Abuja. Babban kason ma sai jiha ta ajiye nata daidai wa daida kafin ta ɗauka, shi ya sa ake yawan jin biliyoyi na kwance ba a taɓa ba. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda ta ba su haƙƙin ilimi. Abin da ba mu da shi shi ne mai bin gida ya tambaya tun yaro yana goye. Ga shi kuwa muna da hanyar a shimfiɗe, domin uwa tana kai jariri awo da rigakafi sau da dama kafin ya shekara. Ma'aikaciyar da ke ɗora shi a sikeli, in an koya mata an kuma biya ta, ita ce za ta tafa hannu a bayan kunnensa ta ga ko zai waiga.

Ɗan maƙwabtan namu sai da ya shekara tara aka samar masa gurbi a makarantar kurame, can wani gari, ta kwana. Hutun farko da ya dawo, ya shigo tsakar gida hannuwansa na ta motsi, labari cike da shi na wata uku, yana nuna wannan yana nuna wancan, fuskarsa kamar an kunna fitila. Uwarsa ta ajiye muciya ta zauna a kan turmi tana kallon hannuwan, tana gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Da yamma ta aiko ƙanwarsa gidanmu, wai a tambaya mata ko makarantar tana karɓar manya.